Takalman Kofur

Mai Aski yana tsakiyar gyara wa wani direba ƙeya ya ji takun. Ƙwas, ƙwas, sai jan ƙafar hagu a hankali. Injin askin ya kusa suɓucewa daga hannunsa.

Duk layin ba wanda bai san wannan taku ba. Kofur, tsohon sojan da ke buga jaridar garin a wani shago can farkon layin, da silifas yake yawo rani da damina. Amma yana da wasu baƙaƙen takalma na soja, masu ƙarfe a dunduniya, waɗanda ya dawo da su daga yaƙi. Ba ya sa su sai in zai kai wa wani gida labarin mutuwa. Ƙa'idarsa ce: sunan mamaci ba ya hawa jaridarsa sai ya je da ƙafarsa ya faɗa wa masu shi. Dalili kuwa, lokacin yaƙi an taɓa buga sunansa cikin waɗanda suka mutu, mahaifiyarsa ta tsinci labarin a tashar mota daga bakin wani da ke karanta wa abokansa jarida. Ya dawo da ransa, amma ita hankalinta bai sake dawowa daidai ba.

Shi kuwa Mai Aski, babban ɗansa Dogo yana aikin soja a can inda ake gwabzawa, kuma an kwashe makonni wayarsa ba ta shiga.

"Malam, kunnena fa," in ji direban.

Mai Aski bai ji shi ba. Ta madubi yake kallon titi. Mai wanki ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke. Kowa na bin takalman da ido, yana jira su wuce ƙofarsa. Suka wuce shagon tela, suka wuce famfo. Mai Aski ya ce a ransa, Allah ka sa kwana zai sha, nan take kuma ya ji kunyar addu'ar, don a kwanar ma gidajen mutane ne.

Takalman suka tsaya a bakin shagonsa.

Kofur ya dafa ƙyaure yana haki. Rigarsa ta yi masa yawa, kamar ta aro. Daga cikin gida Maman Dogo ta leƙo ta labule, ta ga abin da ke ƙafarsa, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Baba Kofur," in ji Mai Aski, muryarsa kamar ba tasa ba. "Faɗa mini kawai. Kada ka yi mini kwana-kwana."

"Ba ni kujera tukuna, ƙafar nan ba ta yara ba ce."

Direban ya miƙe da rabin aski ya ba shi tasa. Kofur ya zauna, ya dubi kansa a madubi ya taɓe baki.

"Yaushe ya rasu?" in ji Mai Aski.

"Bai rasu ba tukuna. Likita dai ya ce an kusa."

"Yana asibiti? Wane asibitin? Harbinsa aka yi?"

"Yana kan kujerarka, sarkin tsoro. Ni ne." Kofur ya buga ƙirjinsa da yatsa. "Abin nan da ke cina ya gama cin nasa. Na zauna na duba wa zan kai wa labari kafin in buga. Matata ta riga ni, ɗa babu, 'yan'uwa duk na binne su. Na ga ba ni da kowa sai mutumin da ya shekara ashirin yana ɓata mini gemu."

"Alhamdu lillahi!"

Kalmar ta fita kafin Mai Aski ya kama ta. Ya toshe bakinsa da hannu biyu. 

Sai Kofur ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya, har hawaye suka zubo masa.

"Kun ji shi ko? Tun da nake sa takalman nan ban taɓa samun tarba irin ta yau ba!"

"Baba, wallahi ba haka nake nufi ba…"

"Haka kake nufi, kuma daidai ne. Ni ma da uba ne haka zan ce. Maman Dogo, tashi daga ƙasa, ba naki ba ne. Kawo mini ruwa."

Ta kawo ruwan tana kuka tana ba shi haƙuri, ita kanta ba ta san na wanne take yi ba.

Da ya sha, ya ce, "Yaron har yanzu shiru?"

"Shiru, Baba. Ko barci ba na yi. Jiya na aske wa wani gira ɗaya."

"Ku saurara. A soja, in abu ya faru, ba a barin iyaye cikin shiru, da wuri ake aikowa. Amma na san wannan magana ba za ta sa ka barci ba. Bar ni da su."

Daga ranar Kofur bai sake fitowa ba. Gadonsa yana bayan shagon, a wani lungu tsakanin injin buga jarida da tulin takardu, ko'ina warin tawada da man inji. Kowace safiya Mai Aski yakan shiga da kofin shayi da reza, ya tarar da shi rungume da waya yana masifa. Akwai wani babban hafsa da Kofur ya taɓa goya mahaifinsa a baya ya fitar da shi daga ruwan harsashi. Tsawon shekarun nan bai taɓa neman komai a wurinsa ba. Yanzu kuwa ya hana shi sakat a kan batun Dogo, kullum yana sa-in-sa da mai ɗaga wa hafsan waya.

"Ka ce masa Kofur ne. E, kofur, ba janar ba. Ka ce masa ba ni da lokacin jira, kuma ba wasa nake ba."

"Baba, ka huta mana," in ji Mai Aski. "Numfashinka ya fi wannan."

"Numfashin me zan yi da shi? Ɗaga mini haɓa ka yi aikinka. Kuma a hankali, kada ka riga likita."

Wata safiya kumfa na rabin fuskarsa wayar ta yi ƙara. Kofur ya saurara kaɗan, ya miƙa wa Mai Aski.

"Baba?" Muryar tana yankewa, amma ta Dogo ce. "Baba, lafiyata ƙalau. Canza mana wuri aka yi, aka karɓe wayoyin kowa. Wai wane tsoho ne ya hana ogan oganmu cin abinci? An turo mota musamman a nemo ni, na ɗauka laifi na yi!"

Mai Aski ya zauna a kan tulin jaridu, reza a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Duk tambayoyin da ya tara suka gudu. Abin da ya iya cewa kawai, "Kana cin abinci?" Sannan ya fita da gudu yana ƙwala wa Maman Dogo kira, ya bar tsohon da kumfa na bushewa a kumatu.

Da Mai Aski ya dawo, Kofur ya ce, "To, yanzu sai ka ƙarasa mini ɗaya gefen. Ba zan tafi da rabin gemu ba."

A ranar Mai Aski ya yi barcin da har sai da aka tashe shi.

Bayan 'yan kwanaki ya shiga da shayi ya tarar Kofur ya cika, kwance a gefen dama, tafinsa ƙarƙashin kunci, fuskar nan fes. A kan injin akwai jaridar ƙarshe, ya sa an buga ta tun yana iya zama. Mai Aski ya bi ta da yatsa, don karatunsa ba mai gudu ba ne. Sanarwar rasuwar layi biyu ce kacal, a can ƙasa kusa da tallan mai gyaran famfo. Babban labarin da ke sama kuwa cewa yake Dogo ɗan Mai Aski yana nan lafiya, yana gaida mutanen layi.

Jama'a suka cika titin har bakin kwanar layin, aka kai shi makwancinsa kafin rana ta take.

Da aka zo kwashe kayan shagon, ba wanda ya yarda ya taɓa takalman. Mai Aski ya ɗauke su ya kai nasa shagon, ya kwance igiyoyin, ya tura su ƙarƙashin bencin masu jiran layi, bakinsu na kallon bango. Da yamma in yana shara yakan jawo su, ya kakkaɓe gashin da ya zuba a kai, ya mayar. Daga cikin gida ana jin Maman Dogo tana wanke kwanuka, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa.