Madaurin da Maigida Ya Zaɓa

Gadon lilon ya zo ne a cikin wata 'yar jaka da ba ta wuce girman burodi ba. 'Yarsu ce ta aiko wa babanta, don ta shirya kai su bakin tafki a hutun yara su kwana a tanti, amma ta manta ba ta haɗo da abin ratayewa ba. Maigidan ya warware shi a tsakiyar falo, kore shar, mai santsi kamar yadin laima, ya tsaya yana shafa gemu. Duk shekarun da ya yi yana awon filaye a daji a ƙasa ya kwana, yana hangen masu irin wannan gado yana haɗiyar yawu.

Matarsa tsohuwar nas ce, ta ga karayar ƙugu iri-iri. Da ta hango shi yana kwance igiyar shanya a bayan gida, ta leƙo ta tagar kicin.

"Baban yara, mayar mini da igiyata. Wadda bargo jiƙaƙƙe ke sa ta kuka ce za ta ɗauke ka?"

Haka suka tafi shagon masu kayan kwanan daji. A hanya ta gaya masa ita rakiya kawai ta zo.

"Ni ina da kujerata mai naɗewa. Ba na hawa abin da ba shi da ƙafa."

Mai shagon matashiya ce mai fara'a. Ta zube musu kaya a kan kanta. Siririyar igiya, ta ce, ba ta da nauyi, amma tana yanka ɓawon bishiya, kuma sai wanda ya iya ƙulli. Ga faffaɗan madauri mai maƙalin ƙarfe da ake ja a saita. Ga kuma wani da aka ɗinke gida-gida, a zagaya bishiya da shi, a maƙala ƙugiya a gidan da ya yi daidai.

Maigidan ya ɗauki mai maƙalin yana ƙoƙarin zura bakin madaurin. Yatsunsa da sanyin ƙashi ya fara kamawa suka ƙi ba shi haɗin kai. Matar ta gani, ta kau da kai kamar tana duba fitilun da ke rataye.

"Ba mu mai gida-gidan nan," ta ce. "Wancan ƙaramin ƙarfen ni ba na ko ganin raminsa."

"Baba, nauyinka nawa?" in ji mai shagon. "Kowanne da iyakar abin da yake ɗauka."

"Kilo ɗari da hamsin," ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba.

Mai shagon ta dube shi daga hula zuwa takalmi. Matar ta buɗe baki za ta gyara masa, don ita ke ɗora shi a kan sikeli duk mako saboda hawan jini, ta kuma san bai kai casa'in ba. Sai ya yi gyaran murya, ya shiga karanta rubutun jikin wani kwalin tocila da bai shafe shi ba. Kunya ce ta kama shi, ta san alamar. Ta tsaya ta haɗa nauyinsa da nata na da a zuci, lissafin ya fita cif, har da ɗan rara. Ta sunkuyar da kai don kada yarinyar mutane ta ga fuskarta. Abin da bai sani ba shi ne tun bara nata nauyin ya wuce inda ya san shi.

"'Yata, ba mu mai ɗaukar ɗari biyu," ta ce. "Mutumin nan akwai cin abinci."

Mai shagon ta danne murmushi ta naɗe musu kayan. Ta ƙara da cewa kada a ja gadon ya miƙe tamau, a bar shi ya ɗan lanƙwasa kamar ayaba.

Washegari da yamma suka fita gwaji a lambun unguwa, inda akwai bishiyoyi biyu da ke fuskantar juna. Ya zagaya madaurin a saitin kansa, ya maƙala ƙugiya, gadon ya tsaya masa a ƙirji.

"Sauke shi."

"Ai sama ya fi iska."

"Sauke shi zuwa tsayin kujera. In za ka faɗo, ka faɗo kusa."

Ya matsar da ƙugiyar gida biyu, ta ce bai isa ba, ya ƙara. Sannan ya juya baya ya zauna a hankali, yana riƙe da gefe. Madaurin ya yi 'yar ƙara ya yi shiru. Ya ɗaga ƙafafu ya miƙe, ya saki wata ajiyar zuciya da ta daɗe ba ta ji irinta daga bakinsa ba. Ita ta buɗe kujerarta ta zauna, jaka a cinya, tana kallon yadda ganye ke zana masa inuwa a fuska.

Bai ce mata ta zo ba. Ya dai matsa gefe guda, ya bar rabin yadin a buɗe, ya rufe ido wai shi barci yake ji.

Ta je ta duba ɗinkin madaurin da kanta, ta ja ƙugiyar, ta tura bishiyar da hannu. Sannan ta cire takalmi.

"Minti biyu," ta ce. "In ka girgiza shi, ka san sauran."

Tana zama gadon ya tattara su tsakiya kamar kayan wanki a zani, kafaɗarta a haƙarƙarinsa, tabaransa ya karkace. Ta damƙe rigarsa. Shi kuwa dariya yake yi ƙasa-ƙasa, dariyar ce ma ke girgiza su. Can ta saki rigar. Daga nan ƙasa ba a ganin komai sai rassa da sararin sama, hayaniyar titi ta koma nesa. Suka yi hirar jikoki, da rufin ɗakin ajiya da ke yoyo.

Fitowa ce ta zama aiki. Ta yunƙura, gadon ya mayar da ita. Ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Wani mai share lambun ya taho zai taimaka, maigidan ya ɗaga masa hannu ya ce sun gode, shan iska suke yi. Sai da mutumin ya yi nisa sannan maigidan ya mirgino ya sauka da rarrafe, ya dafa bishiya ya miƙe, ya kamo hannayenta biyu ya ja ta.

Ta kakkaɓe masa ciyawa daga gwiwar wando. Ya kwance ɓangare ɗaya, ta kwance ɗayan, suka naɗe yadin suna takowa har suka haɗu a tsakiya. A hanyar gida wayarta ta yi ƙara, 'yarsu ce ke tambayar ko Baba ya samu abin ratayewa.

"Ya samu," ta ce. "Ki ce wa mijinki ya nemo mana wurin da bishiyoyinsa ke da kauri."