Ƙafar Tela da Allurar Asibiti

Da ƙafar dama Nnabuike yake neman abincinsa. Tun da ya dawo Gombe bayan yaƙin basasa ya tarar babu abin da ya rage masa, keken ɗinki ɗaya ya kafa a Nasarawo, ya yi ta taka shi shekara shida. Sai ga ciwon suga ya sa babban yatsan ya fara baƙi, ƙafar kuma sanyi ƙalau kamar ruwan randa.

A shekarar ne kuɗin man fetur ya sayo wa asibiti wata na'ura. Ana ɗaura siraran ƙarafa huɗu a ƙafa, a saki 'yar wutar da ko ji ba a yi. Duk lokacin da jini ya bugo, wutar ta fi samun hanya, sai allurar na'urar ta yi tsalle a kan takarda. Masu jiran layi, da yake kowannensu likita ne a baki, suka tabbatar masa cewa in allura ta kwanta, yanka ne.

Tsoro ya kama shi sosai.

"Baba, kada ka motsa ko kaɗan," in ji Sista Jane, ma'aikaciyar jinyar da ta ɗaura masa ƙarafan. Ta rufa masa zane saboda sanyi, ta koma gefen na'urar.

Ya saci kallo, allura tana tafiya a miƙe. To, wanda ya yi shekaru yana taka keke ai ya san ƙa'idar bugu. Ya dafe jijiyar wuyansa kamar mai tagumi, yana ɗan motsa ƙafar a ƙarƙashin zane daidai da bugun zuciyarsa. Allura ta kama rawa.

"Mun gode Allah, Baba, jini yana zuwa," in ji Jane. Likita ya duba takardar, ya ba shi magani ya sallame shi. Ya koma gida yana jin ya yi wayo.

Bayan sati biyar aka kawo shi a kwance, baƙin ya haura idon sawu, ga wari. Wannan karon da aka sake ɗaura masa ƙarafan, ko ƙarfin motsawa ba shi da shi.

Likita ya jera takardun biyu, ya daɗe yana kallo.

"Ban gane ba. Da na ga wannan tun farko, Kaduna zan tura ka a buɗe jijiyar. Yatsa ɗaya za ka rasa."

Likita ya zare biro daga aljihu, ya ja layi a saman gwiwar Nnabuike.