Minti Goma Sha Biyu Kafin a Buɗe Kula

Malama ta buɗe ido ɗaya, ta leƙa ta tsakanin yatsunta. Yawwa, yana nan! Malamin Lissafi ya sunkuyar da kai a ɗaya gefen teburin, ido a rufe, hannuwa a haɗe, daidai yadda take yi. Ta yi maza ta rufe nata, murna kamar ta tashi ta taka rawa a ɗakin malamai.

Wata takwas ke nan da ta baro gida ta zo koyarwa a ƙasar mutane. Dokar makarantar ba wa'azi a aji, ita kuwa ba mai karya doka ba ce. Babanta, tsohon mai bishara, shi ya ba ta dabara. "Ba sai kin buɗe baki ba. Ki yi addu'a a gabansu, su da kansu za su tambaye ki." Duk Lahadi, bayan ta gama sujada ita kaɗai a ɗakinta da waya a jingine jikin kofi, don har yau ba ta samu majami'a ba, sai ya kira. "To, mutum nawa?"

Shi ya sa addu'ar abinci, wadda a gida ba ta wuce rabin minti, ta dinga tsawo har ta kai minti goma sha biyu. Ta gama da shinkafar da ke kula, ta shiga ɗalibai, ta bi ta kan gwiwar Baba, har injin kwafin da ke cinye takardu sai da ya samu rabonsa. Amma ko mutum ɗaya bai tambaya ba. Sai sanɗa suke yi, wani ya sauke labule, wata ta tura mata matashi. Mai Laburare kaɗai, tsohuwar da ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ke harararta ta saman tabarau.

Da Malamin Lissafi ya fara sunkuyawa tare da ita, bakinta ya kasa haƙuri. Ta ce wa Baba an samu ɗaya, Baba ya sanar a majami'a, aka yi guɗa. Yau da yamma kuma zai kira don ya gaisa da mutumin ido da ido.

Ta ce amin a zuci, ta matsa kusa da shi. "Malam, ina son magana da kai."

Minshari ne ya amsa mata, mai kauri, har da ɗan fito a ƙarshe.

Kafin ta haɗiye wannan, Shugabar Makaranta ta shigo da takarda, fuska fal fara'a. "Jama'a, mu tafa wa Malama! Daga Litinin, barcin minti goma sha biyu kafin abinci ya zama tsarin makaranta. Mun yi odar matasai."

Tafin ya tashi Malamin Lissafi. Ya goge baki ya ce, "Gaskiya ta taimake ni. Tun da na fara binta, ciwon kaina ya tafi."

"Barci?" Malama ta miƙe. "Wata takwas kuna zaton barci nake yi? Addu'a nake yi! Ni Kirista ce, godiya nake wa Allah!"

Shugaba ta dubi takardarta. "Ikon Allah. To matasan fa?"

"Me ya hana ku tambaye ni?"

"Haba, Malama," in ji Malamin Lissafi, "ya za a tashi baƙuwa tana barci?"

Kunya ta rufe ta, ga baƙin ciki, ga Baba da guɗarsa na jiran yamma. Ta zauna, ta jawo kularta. Tun da abin ya zama haka, ta ce da ƙarfi, ido a buɗe, "Uba, na gode da abincin nan, cikin sunan Yesu."

"Amin," wata murya ta amsa daga lungu.

Mai Laburare ce. Ta naɗe jaridarta ta taso, ta zauna kusa da Malama. "Kin ga, haka ake yi. Shekara talatin ina addu'a a ɗakin nan, abincina bai taɓa hucewa ba."

"Inna! Ke ma? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Yaushe? Kullum idonki a rufe yake, 'yar nan. A ina kike sujada?"

Malama ta nuna wayarta, hawaye suka cika mata ido. Ta kwashe labarin Baba duka ta gaya mata, har da guɗar. "Yanzu me zan ce masa?"

Tsohuwar ta buɗe kular, ta taɓa shinkafar da bayan cokali, ta yi tsaki. "Lahadi ƙarfe tara zan biyo ki, mu goma sha huɗu ne muke sujada a saman wani shagon ɗinki. In ya kira, ki ba ni shi. Zan ce masa lallai an samu ɗaya, yau da rana na same ta."