Gemu Ko Burtsatse

Ni na riga kowa ganin abin, tun ranar da Na'Allah ya shigo kasuwar Gwiwa a kan sabon babur, Haladu na zaune a gabana ina yi masa gyaran fuska. Ni wanzami ne, kawunan da na aske galibinsu suna ƙasa, ni ga ni nan. Jijiyar wuyan Haladu ce ta harba a ƙarƙashin askata.

Haladu da Na'Allah tare suka yi kiwon awaki, tare aka yi musu kaciya. Da aka kawo sabon tsarin ƙananan hukumomi, lokacin da kuɗin mai ya fara kwararowa, tare aka zaɓe su kansiloli, Haladu na Tsamiyar Daudu, Na'Allah na Tungar Kawu. Sai aka ba Na'Allah kwamitin ayyuka haɗe da babur, aka ba Haladu kwamitin tsafta, wato kwata da juji, ya ci gaba da taka kekensa.

Na'Allah ya tsaya bai kashe babur ɗin ba, ya ce, "Sarkin juji, in rage maka hanya ne?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Haladu ya miƙe, rabin fuska a gyare, ya kama gemunsa, gemu ne cikakke wanda ya sauko har ƙirji, ya ce, "Ku shaida! Ranar da na goyi bayan maganar wannan mutumin a majalisa, a aske mini wannan a tsakiyar kasuwar nan."

To, ƙa'idar majalisa ita ce in kansila ya kawo shawara sai wani ya tashi ya ce ya goyi baya, in ba haka ba magana ta mutu. Haladu ya riƙe alkawarinsa. Na'Allah ya ce a gyara rumfunan kasuwa, Haladu ya kalli rufi. Ya ce a cike ramin hanyar Roni, Haladu ya hau gyaran hula. Kullum wani ke goyon bayan, aikin ya tafi da sunan Na'Allah, Haladu ya koma gida tuwo ya ƙi wuce masa.

A Tsamiyar Daudu kuwa ruwa ne babu. Rijiyarsu kan ƙafe tun kafin bazara, Saude matar Haladu da sauran mata sai sun tsallaka duwatsu kafin su cika tulu.

Ranar wani zama, an gama maganar allurar shanu da ta jakunan da ke kwana a kan titi, sai ciyaman ya ce an samu burtsatse guda ɗaya tak, a faɗi inda za a haƙa. Haladu na tattara riga zai tashi, Na'Allah ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, ina ba da shawara a kai burtsatsen nan Tsamiyar Daudu. Mutanen ɗan'uwana Haladu na shan wahala."

Ya zauna, ya juyo yana kallon gemun Haladu.

Ciyaman ya ce, "Wa ya goyi baya?"

Babu wanda ya tashi. Kowane kansila garinsu yake wa kwaɗayi, jira suke maganar ta mutu su kawo tasu. Gumi ya karyo wa Haladu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai maganata ce, ni zan kawo ta."

"An riga an kawo ta, Malam Haladu. Goyon baya ake nema."

"To, ban ƙi ba."

Sakatare ya ɗago kai ya ce, "Ban ƙi ba ba ta shiga. Ko ka goya, ko ba ka goya ba."

Kansilan wajen Kanya Babba har ya fara gyara murya. Haladu ya tuna Saude da tulu a ka, ya tuna ranar kasuwa, ya dubi Na'Allah yana wasa da mabuɗin babur. Ya miƙe, hannu a gemu, murya kamar ta mai mura.

"Na goyi baya."

"Ban ji ba, sarkin juji," in ji Na'Allah.

"Na ce na goyi baya! Kurma ne kai?"

Da ranar kasuwa ta zagayo babu wanda ya je kiran Haladu, shi ya zo da ƙafarsa ya zauna a tabarmata. Masu goro suka bar faifansu suka yi mana da'ira. Na'Allah ya ce a bar shi, wasa ne, ya yafe. Haladu ya ce, "Ba na son yafiyarka. Aske!" Na aske shi tas, haɓa ta fito fara kamar ta jariri.

Aka haƙa burtsatse, ruwa ya fito garai-garai. Haladu ya zaci za a riƙa kiransa da sunansa, tunda da gemunsa ya saye shi. Sai wata safiya ya ji Saude da bakinta tana ce wa maƙwabciyarta Dela, "Zo mu je burtsatsen Na'Allah." Sunan da ya bi shi ke nan. Gemu ya sake tsirowa, amma har Haladu ya bar duniya bai sa ruwan nan a bakinsa ba, nasa tulun daban, daga tsohuwar rijiya.

Wanda ke ganin ƙarya na shara, ya je Tsamiyar Daudu ya tambayi sunan burtsatsensu. In ya ji wani suna daban, ya dawo, ga askar nan a zabirata, ya aske nawa.