Matakala Arba'in da Takwas

Ranar Laraba aka turo takardar ta ƙarƙashin ƙofa. Masu kula da gidan benenmu ne suka rubuto: ruwa ya yi yawa bana, kowace rana ana iya buɗe madatsar da ke sama da unguwa, ginin kuma tsoho ne, ba a yarda da tushensa ba. Idan aka busa jiniya, kowa ya fita cikin minti ashirin. Kowane gida ya haɗa jakar gaggawa. Can ƙasa aka bar layi guda a buɗe, na sunan wanda zai sauko da marar lafiya in akwai shi a gidan.

Akwai shi kuwa. Shekarar Baba biyu a keken guragu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. A hawa na huɗu muke, lif ɗin gidan kuma ya riga Mama rasuwa. Ni ce auta, ni ke zaune da shi, da safe ina koyarwa a firamare, da yamma ina jinya. Na ɗauki hoton takardar na tura wa yayyena maza biyu.

Ranar Asabar da rana suka iso suna haki. Yaya Babba, manaja a kamfanin inshora, ya shigo rungume da sabuwar jaka mai kalar kayan sojoji, aljihunanta sun fi yatsuna yawa. Farfesa na biye da shi da ledoji uku. Ba farfesan komai ba ne, shagon kayan waya gare shi. Sunan ya bi shi ne saboda tun yana yaro ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Suka gaida Baba a tsaitsaye, suka juye kaya a kan teburin cin abinci.

Ban taɓa ganin shirme mai tsari irin wannan ba. Tocila uku, usur, kamfas, igiya, ashanar da ruwa ba ya kashewa, wata wuƙa mai baki goma sha biyu, bargo mai ƙyalli kamar takardar alewa. Farfesa ya ɗago wani ɗan ƙunshi yana murmushin gwaninta.

"Ƙugiyar kamun kifi," in ji shi. "Idan ruwa ya ci gari, kifi ne zai yi yawa. Mutane ba sa tunani."

"Yaya," na ce, "filin makarantar da aka ce a taru fa ga shi can, ana hango shi ta taga. Kamfas ɗin na mene ne?"

"Ke Auta, ba ki san bala'i ba. A bala'i mutum gabas ma ɓace masa take yi."

Suka shafe kusan awa suna musu a kan ko kifin gwangwani ya fi biskit, kowa na kawo hujja daga bidiyon da ya kalla a waya. Da suka ga lissafin kayan na neman ruɗa su, Yaya Babba ya nemi takarda. Ya jawo ta masu gidan, ya kifa ta, ya fara jera sunayen kaya a bayanta da bironsa mai ruwan zinare. Na miƙa hannu na juyo ta, na ɗora yatsa a kan layin nan.

"Wannan fa? Sunan wa za a rubuta?"

Yaya Babba ya dafe ƙugu, ya ce ai na san bayansa, likita ya hana shi ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar. Mutumin da sau uku a mako yake turo mana hotonsa yana ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki! Farfesa ya ce shi a tsallaken gada yake, kuma a ilimance gada ce abu na farko da ake rufewa. Sai suka haɗa baki cewa ai irin wannan ranar ce makwabta suke yi wa amfani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makwabtan namu a hawan nan su ne tsohuwa mai ciwon gwiwa da wata mai ciki wata takwas, mijinta direban babbar mota.

"To ɗayanku ya tafi da Baba gidansa har damina ta wuce. Duk gidajenku a ƙasa suke."

Ashe ana fenti a gidan Yaya Babba, warin zai cutar da ƙirjin tsoho. Gidan Farfesa kuwa surukarsa ta zo, ban da haka ma bincike ya nuna tsofaffi ba sa samun barci a baƙon wuri. Duk wannan a gaban Baba ake yi, yana zaune taku uku daga teburin, kunnensa ras, babu wanda ya juya ya tambaye shi. A ranar na raina su, raini irin wanda ba ya gogewa, har kunya ta kama ni cewa nono ɗaya muka sha.

Suka koma kan jakar da zafi fiye da na dā, an bar jaki ana dukan taiki. Suka cusa, suka danne da gwiwa, suka zuge. Ni na tuna musu da maganin hawan jinin Baba, na saka shi a aljihun gaba. Yaya Babba ya jingine ta a bakin ƙofa, ya kakkaɓe hannu, suka ce sai an kwana biyu.

Na gwada ɗaga ta. Ta kai nauyin yaro ɗan aji uku.

"Auta." Maganar Baba a hankali take fita yanzu, amma ba ta karkata. "Ciro maganina daga ciki. Ajiye min shi kusa da gado."

"Ai a jaka ya kamata ya zauna, Baba."

"Jaka za ta sauka," ya ce. "Magani ya zauna inda mai shi yake."

Raina ya ɓaci. Na tura jakar gefe da ƙafa, na gangara da kekensa zuwa bakin matakala, na durƙusa na ba shi baya.

"Hau, Baba."

"Ke yarinya, ki rufa min asiri."

"Don Allah ka hau."

Ya saƙalo wuyana da hannunsa mai lafiya, na ɗaure mu da mayafina kamar goyo. Ya rame ƙwarai, amma dogon mutum ne, ƙafafunsa na jan ƙasa suna bugun kowace matakala. A ta biyar gwiwoyina suka fara kaɗawa. A ta tara na ji wani abu ya ja a bayana. Da muka kai ta goma sha biyu, inda matakalar ke juyawa, na zame na zauna da shi a ƙasa, ina numfashi ta baki. Saura talatin da shida. Na saci kallon agogon hannuna, minti goma sha ɗaya.

"Minti nawa?" in ji Baba.

"Uku."

"Uwarki ma ba ta iya ƙarya ba."

Muka zauna a nan kan siminti, ba sauka, kuma ban san yadda zan mayar da shi sama ba. Sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Yaya Babba ne a zauren hirar dangi na waya, ya saka hoton jakar tana ƙyalli a bakin ƙofarmu, ya rubuta a ƙasa: Alhamdulillahi, mun gama shirya wa Baba komai. Kafin in ɗago kai, mutum shida sun sa masa albarka.

"Waye?" Baba ya tambaya.

Na kifa wayar a cinya, na gyara masa hannunsa da ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa.