Hodar Uwargida a Ƙarƙashin A-kori-kura

Karo na uku ke nan a-kori-kurar Mai Burodi na dawowa garejin Baba Sifana da ciwo ɗaya. Man giya ne ke ɗiga daga notin tsiyaya na tukunyar aksul, can tsakanin tayoyin baya, duk inda motar ta kwana sai ta bar baƙin tabo.

"Baba, ina ganin girmanka," in ji Mai Burodi, ko zama bai yi ba. "Amma in ta sake ɗiga, sabon garejin bakin titi zan kai ta. Kada ka ga laifina."

Maganar nan ta soki Baba. Manyan masu kawo masa aiki duk sun zame ɗaya bayan ɗaya, wannan kaɗai ya rage, in ya tafi kuwa sai dai a rufe gareji.

Me bai yi wa notin nan ba? Ya canza washa, ɗan zoben da ke toshe bakin notin. Ya sayo sabon noti. Ya naɗa masa farin zare ya ɗaure har kafaɗarsa ta amsa. Yau ma ya ja kwali ya shige ƙarƙashi, ya shafa, ya ji danshi a yatsa.

"Kai, wannan wace irin jaraba ce! Ɗan mitsitsin ƙarfe zai tozarta ni da furfurata?"

Ya yi jifa da sifana, ta bugi taya ta dawo ta same shi a ƙauri. Ya fito yana ɗingishi yana tsaki, ya shiga gida, don garejin a ƙofar gidansa yake.

"Ba ni hodarki," ya ce wa matarsa.

Uwargida ta ajiye ɗinkinta. "Ikon Allah! Kwalliya za a fara da tsufa, Malam?"

"Ke dai ba ni, ba na son surutu."

Tsohuwar dabara ce. Ya wanke tukunyar tas da fetur, ya bar ta ta bushe, ya barbaɗe ta da hoda sama da ƙasa. Ya zaga layi da motar ya dawo. Duk inda mai ya biyo, dole ya bar sawu a kan farin.

Ya kwanta, ya haska tocila. Fari kawai yake gani, dishi-dishi, kamar ta bayan labule. Ya murza ido, ya matso, a banza. An daɗe idon nan na cin amanarsa, da yatsu yake aiki bai faɗa wa kowa ba. Yanzu kuwa in ya taɓa, sawun ya goge. Takaici ya kama shi.

Da ƙyar ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Ke! Zo ki duba min wani abu."

Ta zo, ta tattare zane, ta kwanta gefensa tana mitar ƙugunta. Ta karɓi tocilar.

"Ga wani baƙin layi nan. Amma ai ba daga notinka ya taso ba, Malam. Daga can sama ya gangaro, gindin wani ɗan bututun roba. Ya ma tsage."

Bututun shan iskar tukunyar! Daga can man ke tsattsafowa, ya zagayo ya taru a noti, shi kuwa yana ta azabtar da notin da bai ci ba bai sha ba.

"Layin a fili yake?" ya tambaya a hankali.

"Kamar gawayi a bango." Ta juyo ta dube shi. "Tun da ka daina karɓar allurata kana zura min zare na gane. Jira nake ka faɗa da bakinka. Gobe sai asibitin ido, kuma ba shawara nake ba ka ba."

Baba ya gyara kwanciya. Ya lalubo filaya, ya miƙa hannu sama cikin farin, wajen bututun da ba ya gani.

"To, haska min," ya ce. "In na kai wurin ki faɗa."