Minti Biyun Auta

"Wata uku yana hawa benen nan, Malama. Ko aku ne ai da ya fara gaisuwa," in ji Yaya.

"To ki kawo min akun," in ji Malama. "Shi aƙalla zai buɗe baki."

Auta na zaune tsakaninsu a kujerar roba, yana kallon farcensa. A kansa ake faɗan, amma babu wadda ta waiwaye shi. Yayarsa ce ta rufe shagon ɗinki da rana tsaka ta taho, tef ɗin awo rataye a wuya, don ta ji dalilin da ya sa saura kwana shida jarrabawa amma ƙaninta bai shirya ba.

Jarrabawar ta baka ce. Wani otal na neman mai gyaran lantarki, sun gwada hannun Auta sun yaba. Abin da ya rage shi ne takardar da za ta nuna zai iya amsa wa baƙo da Turanci. In ya faɗi, gurbin ya zama na wani. Za a miƙa masa kati mai tambaya, a ce ya yi magana minti biyu ba tsayawa.

Malama ta ce duk ajin babu mai rubutunsa. Turancin yana ciki, ƙofar ce a kulle. Jiya ta ce ya ba da labarin abokinsa, ya ce mutumin kirki ne, ya tsaya nan. Daƙiƙa goma sha ɗaya, har da tarin da ya yi a tsakiya. Ta rubuta masa jawabi don ya haddace, ya ƙi, wai shi ba shi da aboki dogo mai son ƙwallo. Yaya ta ce laifin koyarwa ne.

"Ke da kika goya shi," Malama ta ce, "gaya min ranar da ya yi minti biyu da Hausa."

Yaya ta gyara tef ɗin da ke wuyanta. Ta dubi Auta, ta dubi teburin. Sai ta juya kamar za ta ɗauki jaka, gwiwar hannunta ta ture ɗan agogon da Malama ke auna lokaci da shi. Ya faɗi, murfin baya ya yi tsalle, batir ya gangara ƙarƙashin allo.

Auta ya tsince su. Ya zaro sukudireba daga aljihu. Cikin haushi Malama ta tambaye shi da Turanci me yake yi wa agogonta, shi kuwa, kansa a sunkuye, ya amsa da Turancin. Ya ce faɗuwar ba ta yi komai ba, ƙarfen da ke riƙe batir ne ya daɗe da saki, kuma wani ya naɗe takarda ya cusa a wurin, aikin da bai kamata mai ilimi ya yi ba. Ya ce agogon farko da ya taɓa buɗewa na babansu ne, yana ɗan shekara takwas, ya mayar da shi ƙusoshi biyu suka rage a hannunsa, agogon kuma ya ci gaba da aiki har ya fi da. Ya faɗi inda ya ɓoye ƙusoshin. Ya rufe murfin ya ajiye.

Malama ta juyo masa fuskar wayarta. Minti uku da daƙiƙa goma.

Aka sake gwadawa hannu wofi. Daƙiƙa goma sha huɗu.

Nan farin cikin Malama ya koma ciki. Ɗakin jarrabawa babu sukudireba, babu waya, agogon hannu ma a waje ake bari. Kwana biyar tana fama. Ta ce ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya yi kamar yana kwance wani abu. Ya ce iska ba ta da ƙusa. Yaya dai ba ta sake hawa benen ba, sai dai ta ce ya tsaya ta auna masa kafaɗa.

Ranar jarrabawa ya sa sabuwar rigar da ta ɗinka masa, fara, mai dogon hannu. Ɗakin tebur ɗaya ne da kujera biyu. Wata dattijuwa mai tabarau ta kunna na'urar ɗaukar murya ta tura masa kati: ya ba da labarin wani da yake zama da shi. Auta ya karanta sau biyu. Kansa ya zama fayau, kamar gidan da aka yanke wa wuta. Yana jin na'urar tana cin shirunsa. Ya sunkuyar da kai.

Maɓallin hannun rigar yana reto, zare ɗaya ne ya riƙe shi.

Ransa ya ɓaci. Yatsunsa suka kama bakin zaren suka fara naɗe shi a gindin maɓallin. Ya ce wa dattijuwar yayarsa tela ce, kuma wannan ba irin aikinta ba ne, ko da yake a gidanta komai lalacewa yake yi. Ya lissafa fanka, dutsen guga, fitilar keken ɗinki, makunnin ɗakin girki. Ya ce duk lokacin da yake gyara sai ta jawo kujera ta zauna tana yi masa tambayoyi, ba ta ko miƙa masa filaya. Ya ce tana da faɗa, amma ita ta saya masa akwatin kayan aiki na farko. Dattijuwar ta ɗaga hannu alamar lokaci ya cika. Ya roƙi ta bar shi ya ƙarasa jimlar.

A waje ya tarar da su biyun a benci ɗaya, sun raba inuwa kamar ba su taɓa faɗa ba.

"Ya aka yi?" in ji Yaya.

"Ta tsayar da ni."

Malama ta sa mayafi ta rufe baki, tana danne dariya. Ta ce takarda sai mako mai zuwa, amma ita a shekarunta ba ta taɓa ganin wanda aka tsayar ya faɗi ba.

Auta bai yi dariya ba. Yana kallon maɓallin. Shekara goma sha shida Yaya na ɗinki, bai taɓa ganin an dawo mata da riga saboda maɓalli ba. Ya tuna fankar ta tsaya ne a makon da ya daina cin abinci saboda wata yarinya. Dutsen gugar kuma, ranar da sakamakon sakandare ya fito.

"Yaya," ya ce, "cikin kayan gidan nan, wanne ne ya lalace da kansa?"